Yadda Yaya Pelenaise Ta Ƙwace Katin Bankin Mijina

Mijina Sunia mutum ne har da rabi. Ga tsawo, ga faɗin kafaɗa, ga muryar da in ya ja waƙa a coci sai tagogi sun amsa. Abu ɗaya ya rasa tun daga haihuwa, bai iya cewa a'a ba. Shekara talatin da wani abu muna tare, ban taɓa jin kalmar nan ta fito daga bakinsa ba, ko ga kare. In ka roƙe shi riga, sai ya tambaye ka ko kana da wandon da za ka haɗa ta da shi.

Da ƙuruciyarmu muka baro ƙasarmu Tonga muka zo garin Robinvale tsinkar inabi, kamar kowa. Rana ta dafa mu, sanyin asuba ya fasa mana hannuwa. Shi Sunia aiki ba ya ba shi tsoro, har masu gona suka fara cewa, "Sunia, samo mana mutum goma gobe." Da haka ya zama ɗan kwangila, ya sayi bas-bas na kai ma'aikata gona, da sunansa a jiki da jan fenti. Kuɗi suka shigo ta ƙofa, dangi suka biyo su ta taga. An yi rasuwa a Auckland, Sunia. Iska ta yaye rufin coci a ƙauye, Sunia. Wani zai ci bashin mota an ce sai da mai tsaya masa, Sunia ya sa hannu yana murmushi. Ranar baikon shekara kuwa, da ake kiran sunan kowane gida a faɗi abin da ya bayar, in aka zo kan namu sai coci ta ɗauki tafi, ni kuma in sunkuyar da kai, don na san abin da ke cikin tukunyata.

A cikin masu biyo kuɗin nan babu kamar Kepueli, ɗan ƙanin baban Sunia. Mutumin nan bai taɓa cika kwali biyu na inabi a jere ba, wai bayansa na ciwo, amma in an kawo gasasshen nama bayan nan warkewa yake sarai. Kullum da sabuwar matsala yake zuwa, kuma kullum da fara'a yake komawa.

To, ta inda aka hau ta nan ake sauka. Ruwa ya sauka ana dab da girbi shekara biyu a jere, inabi ya ruɓe a jikin reshe. Babban mai gonar da muke wa aiki ya durƙushe bai biya ba, Sunia ya biya ma'aikatansa daga aljihunsa. Masu motocin da ya tsaya wa kuma suka daina ɗaga waya. Kafin mu farga ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A ƙasar nan karyewar arziki ma da takardarta, hukuma ke rubuta ka a matsayin karyayye, ta ɗora maka wani mutum ya riƙa lura da duk abin da ka mallaka har shekara uku, saboda masu bin ka. Namu a Melbourne yake, ba mu taɓa ganin fuskarsa ba sai murya a waya, don haka muke ce masa mutumin Melbourne. Aka kwashe bas-bas ɗin. Bankinmu na da, da yake shi ma yana cikin masu bi, ya rufe asusun Sunia a satin.

Allah ya taimaka aka ɗauke shi tuƙin motar ɗaga kaya a siton da ake zuba inabi a kwali. Amma nan ba a biyan albashi a hannu, sai ta asusu mai sunanka. Ba asusu, ba aiki. Muka shiga banki biyu a Mildura, aka ba mu haƙuri cikin ladabi, har da raka mu ƙofa. A na uku, nan cikin gari, muka samu Rhonda, wata 'yar siririyar baturiya mai tabarau, wadda 'ya'yanta suka yi makaranta da namu.

"Sunia, zan buɗe maka," in ji ta, "amma asusu ne tsirara. Ba bashi, ba cin abin da babu. Albashinka ya shiga, ka biya haya, ka ci abinci, shi ke nan. Kada kuɗin kowa su shiga ciki, kada ka ba kowa lambar sirrinka. In mutumin Melbourne ya leƙa ya ga tulin kuɗi, cewa zai yi naka ne, ya kwashe. Mu kuma in muka ga ana shige da ficen da ba mu gane ba, rufewa za mu yi. In aka rufe wannan, ni dai ban san inda zan tura ka ba. Ka ji?"

"To," in ji Sunia.

"Ka tabbata ka ji?"

"To."

Na ce, "Baiwar Allah, kada wannan 'to' ɗin ta ruɗe ki, ita ta kawo mu gabanki."

Da katin ya iso, wani ɗan kore mara ado, sai ka rantse jariri aka haifa masa. A cikin safarsa yake ajiye shi, in zai kwanta ya goge shi da gefen riga. Ranar da albashin farko ya shiga, ƙaton mutumin nan ya tsaya gaban injin banki yana share ido, ni ma na juya baya don kada ya ga nawa. Muka samu 'yan watanni na kwanciyar hankali, don duk garin an san hannunsa babu komai. Kepueli in ya hango mu tsallaka titi yake yi.

Na ce duk garin, amma ban da mutum ɗaya, yayarsa Pelenaise. Ita ce fahu a kan gidanmu, wato a al'adarmu babbar 'yar'uwa mace, wadda ba a musu da ita. In ta shigo gidana, Sunia fita yake ya zauna a ƙasa a waje, ba ya haɗa ɗaki da ita, ba ya miƙa mata abu hannu da hannu. Abin da idonta ya so a gidan kuwa nata ne, al'ada ta ba ta. Ta ɗauki firizata, ta ɗauki keken ɗinkina, ta sa an kwance labulen falona ina tsaye. Akwai ranar da ta sauke tukunyar naman rago da ganyen gwaza daga kan wuta ta tafi da ita, na bi ta da murfin ina godiya. Ba zan ɓoye ba, ba na ƙaunar matar nan ko kaɗan a lokacin. Kuma da yake ba a faɗar abin kunyar namiji a gaban 'yar'uwarsa, kowa ya ɗinke bakinsa. Aka ce mata likita ne ya hana Sunia wahalar bas-bas, ta ce gara haka, dama ya rame.

Ana nan sai autarta Heilala ta samu gurbin karatun jinya a Bendigo, aka shirya mata rawa a zauren coci don a tara mata abin tafiya. Aka shafe yarinya da man kwakwa tun daga kafaɗa har wuyan hannu tana sheƙi, ta fito tana rausaya a hankali, jama'a suka yi ta tasowa suna manna mata kuɗi a jiki. Tsofaffi na guɗa, maza na tsalle a bayanta. Kepueli ya taso da rangaji ya manna takarda ɗaya, ya ɓare wata ƙarama daga gwiwar hannunta, wai canjinsa. Idona ya gani! Sunia kuwa 'yar dala biyar da na ba shi ya manna, sannan ya yi ta birgima a ƙasa a bayan 'yar yayarsa don ya cike gibin da rawa.

Da aka tashi aka tara kuɗin a bahon roba, jiƙe sharkaf da mai. Yaya Pelenaise ta yafito ni. Sunia yana tsaye a bakin ƙofa tana ganinsa, amma ta bakina za a yi maganar.

"Makalita, gaya wa mijinki ya zuba wannan a asusunsa har lokacin tafiyar yarinya. Shi ya san kan banki."

Na durƙusa na ce, "Yaya, ko a sa a na Heilala?"

"Yarinya da waya a hannu? Kafin ta tafi ta mai da su takalma."

"To ko a nawa, Yaya?"

Ta yi mini kallon hadarin kaji. "Kuɗin jikin 'yata ne za su kwana da sunan bare?"

Ku ji fa! 'Ya'ya biyar na haifa musu, amma ni ce bare. Na haɗiye, na ce, "To ko a naki?"

"Ni zan je in bi layi, ina da ƙane a raye?"

Daga bakin ƙofa muka ji muryar waƙar coci ta ce, "To, Yaya."

A mota na yi masa ta tas. Na tuna masa maganar Rhonda, na tuna masa mutumin Melbourne, na tuna masa bankuna biyun da suka raka mu ƙofa. Duk abin da na faɗa sai ya ce to. Ranar Litinin da safe ya rungumi bahonsa ya nufi injin da ke jikin bangon banki, wanda ke karɓar ajiya, don kada ya shiga ciki su haɗa ido da Rhonda. Na bi shi ina mita.

Kuɗin ƙasar nan na roba ne, mai kuma ya manne su sun zama kamar yankan burodi. Sunia ya cusa damin farko. Injin ya ja, ya yi gurnani, ya yi shiru, sannan ya tofo su waje a dunƙule. Ya sake cusawa, ya sake tofowa. Layi ya fara tsawo a bayanmu, ƙanshin kwakwa ya cika titi, wani tsohon manomi ya ce, "Kai, wa ke suya da sassafen nan?" A karo na uku injin ya yi wani irin tari, ya kashe fitilarsa, ya rubuta cewa ba ya aiki. Sai ga Rhonda ta fito tana shanshana iska. Sunia ya mai da baho bayansa, mai na ɗiga a kan takalminsa.

Ta dube shi ta saman tabarau. "Sunia, in abin da nake zato ne, ban gani ba. Kada kuma ka bari in gani."

"To," in ji shi.

A hanya na ɗaga hannu sama na ce, "Allah na gode maka, ka aiko inji ya faɗi abin da mijina ya kasa faɗa." Shi kuwa gogan naku sai da muka kai ƙofar gida ya ce, "Sai an wanke su."

Hali zanen dutse! Ya tara ruwa a bahon wanka, ya tsiyaya sabulun wanke-wanke, ya durƙusa yana cuɗa kuɗi ɗaya bayan ɗaya. Shanyarmu irin mai juyawa ce, ƙarfe a tsakiya, igiyoyi kewaye kamar laima. Ranar na riga na yi wanki, don haka ya bi tsakanin kayan yana maƙala kuɗi, nan dala ashirin, nan tawul, nan dala goma, nan kamfansa, waɗanda kowanne zai iya rufe tagar kicin.

Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu. "Ka je ka gaya mata gaskiya mana!"

"Da wane bakin?"

"In aka rufe asusun nan aikinka ya tafi."

"Na sani."

"Kuɗin yarinyar ma mutumin Melbourne ne zai kwashe."

"Na sani, Makalita."

"To me ya sa?"

Ya kifa bokiti ya zauna a kai, ya saki manyan hannuwan nan tsakanin gwiwoyinsa. "Yaya ce ta ce."

Wallahi a lokacin ban san ko in rungume shi ba ko in kwaɗa masa bokitin. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ya shaƙe ni. Mutumin da ya ci da rabin garin nan ne zaune a kan bokiti, yana jiran kuɗi su bushe ya je ya kashe kansa da su.

Sai muka ji tsayawar mota. Heilala ce ta kawo uwarta, wai ta tuna da wani babban farantina da ta gani. Yaya Pelenaise ba ta sallama, ta gefen gida ta zagayo kai tsaye. Sunia ya gan ta, ya ga kamfansa na kaɗawa a iska, ya zabura. Kuɗin ba su dame shi ba, amma yayarsa ta ga kamfansa? Gara ƙasa ta tsage. Ya kai wa na farko cafka, shanya ta juya, ya bi ta da gudu, ta ƙara juyawa. Ya zagaya ya zagaya yana fizga, har ya tara su a ƙirji ya faɗa bayan ɗakin ajiya, ya bar mu da kuɗi suna ta wulwulawa.

Ta tsaya da baƙar jakarta a hannu tana kallo. "Makalita, mene ne wannan?"

Na so in ce iska muke ba su. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bakina ya buɗe da kansa. "Yaya, ƙanenki ya karye. Ba likita ba ne, ƙwace bas-bas ɗin aka yi. Asusu ɗaya tak ya rage masa a duniya, da shi yake karɓar albashi. In kuɗin nan suka shiga ciki za a kwashe su, a rufe asusun, a kore shi daga aiki. Ya san duk wannan, amma gobe zai je ya zuba, saboda ke kika ce."

Abin da na yi ba a yin sa, uwata da tana raye da ta mare ni. Daga bayan ɗakin ajiya ko tari babu.

"Wa ya sani?" in ji ta.

"Kowa, Yaya."

"Fasto?"

"Har da matarsa."

"Kepueli?"

"Motar da yake yawo da ita, Sunia ne ya tsaya masa."

Ta ajiye jaka, ta bi shanya tana cire kuɗin ɗaya-ɗaya da hannunta, ba ta bar Heilala ta taya ta ba. Ta zuba su a jaka, ta haɗa da abin maƙale shanyata duka, ta tafi. Farantin ma ba ta manta da shi ba. Washegari aka ga abin da ba a taɓa gani ba, Yaya Pelenaise a layin banki da sandarta, ta je ajiye kuɗin da sunanta.

Sunia ya yi fushi da ni, fushi na gaske. Sai dai fushin wanda bai iya a'a ba abin dariya ne. In na ce, "Za ka ci abinci?" sai ya ce to, ya cinye tas yana kallon bango.

Ranar Lahadi bayan sujada ana cin abinci a zaure, ga doya ga rogo ga nama, sai Yaya Pelenaise ta buga sandarta a ƙasa ta miƙe. Wuri ya yi tsit.

"Akwai abin da nake so daga gidan ƙanena," in ji ta.

Na ce a raina, shi ke nan, injin wankina ya tafi.

"Katin bankinsa nake so."

Zauren ya ɗauki ƙus-ƙus. An saba fahu ta ɗauki tabarma, ta ɗauki alade, ta ɗauki talabijin, amma kati? Sunia, daga can ƙarshen zaure inda yake zaune, ya sunkuya ya zaro shi daga safa, ya ba ni. Na ratsa jama'a na durƙusa na miƙa. Ta riƙe shi da yatsa biyu, ta goge shi da hankici, ta jefa a baƙar jakar nan, ta danne maɓallin. Ƙas!

"Daga yau duk abin da Sunia ya samu nawa ne," in ji ta. "Mai rasuwa, mai biki, mai mota, kowa ya zo wurina. Kepueli, kana ji na?"

Kepueli da ƙashi a baki ya ce, "Ina ji, Yaya."

Ta zauna ta ci gaba da cin doyarta. Kalmar karyewa ba ta fito daga bakinta ba, ranar ko bayanta.

Sai da aka kwana biyu na gane abin da ta yi. Da mutane suka ga albashi na shiga a kai a kai, suka fara dawowa, don mai hali ba ya fasa halinsa. Amma yanzu Sunia ya samu mafita. Duk wanda ya zo da buƙata sai ya ce masa, "To! Ai ba komai. Je ka wurin Yaya." Ya faɗi to ɗinsa, ransa fari, aljihunsa lafiya. Kepueli ne kaɗai ya yi ƙarfin halin zuwa, wai tayarsa ta fashe. Ta ce ya zo a daidai, ta sa shi ya nome mata gwaza, ya hau rufi ya kwashe ganye, ya wanke mata tagogi. Da yamma ta ba shi shayi ba madara, ta yi masa doguwar addu'a, ta ce ya gai da gida. Bai sake komawa ba.

Kowace Juma'a, ranar albashi, sai mu je mu ɗauko Yaya. Ita a gaba kusa da ni, ni ke tuƙi, shi a can baya ya takure. A ƙofar banki ta zauna a benci, ta buɗe jaka, ta ba ni kati, in ba Sunia, ya je ya danna lambarsa, ya ciro na haya da na cefane, ya ba ni kati, in mayar mata. Lambar sirrin ba ta taɓa tambaya ba, ta ce wannan tsakaninsa da baturiya ne. Rhonda ta leƙo ta ga wannan jerin gwanon, a sati na biyu ta fito mata da kujera mai matashi. Ladan Yaya guda ne, dole a saya mata askirim, duk da likita ya hana ta saboda ciwon suga. In na yi magana sai ta ce, "Haƙƙina ne, ke ina ruwanki?"

A bayan idonta kuwa babu sunan da ba a kira ta da shi ba. Azzaluma, marowaciya, ta cinye ƙanenta da ransa. Matan da suka saba zama kusa da ita a coci suka ja baya. Tana ji, ba ta taɓa kare kanta ba, don in ta kare kanta sai ta tona shi. Zafi da sanyi, da gwiwoyinta masu ciwo, matar nan ba ta fasa Juma'a ko ɗaya ba. Wata rana a benci na ce, "Yaya, kin san abin da ake cewa?" Ta lashi askirim ɗinta ta ce, "Su ce. Ni na goya shi, na san nauyinsa."

Shekara uku suka cika, mutumin Melbourne ya bugo ya ce an sallami Sunia, har da yi masa fatan alheri. Lokacin Yaya ta riga ta kwanta, ƙodarta ta gaza. Ba ta yi wata biyu ba ta cika. Sunia ya ɗaura tsohuwar tabarma mafi girma da yagewa a ƙugu, kamar yadda muke yi a makoki, ya shiga cikin hayaƙi yana dafa wa baƙi abinci, don nan ne wurin ƙane a jana'izar yayarsa. Bai yi kuka ba, aiki kawai yake. Ni kuwa, ni da na yi shekara talatin ina ƙunƙuni a kan firiza, na yi kukan da ya fi na 'ya'yanta, har sai da aka fitar da ni waje.

Bayan an share makoki Heilala ta zo da safe, lokacin ta zama cikakkiyar nas. Ta ajiye katin a kan tebur. "Kawu, Mama ta ce in mayar maka. Ta ce ka gama."

Ya ɗauka ya juya shi, ya mayar cikin safa. Labari kuma ba ya kwana a garin nan. Kafin azahar Kepueli ya iso da ta'aziyya da kuma maganar injin motarsa. Bayansa wani dattijon coci ya zo, za a sayi sababbin kujeru. Suna fita waya ta yi ƙara daga Auckland. Ina kicin ina jin su, to, to, to. Na gaji. Na kashe wuta na zauna, ina tunanin yadda zan kalli idon Rhonda.

Can sai na ga ya fito ya ɗaura tabarmarsa ta zuwa coci a ƙugu, ya kama hanya a ƙafa. Na bi shi a baya. Gidan Yaya ya nufa. Bai shiga ba, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa, daidai inda ya saba zama tana raye. Heilala ta fito tana tsane hannu.

"Kawu, lafiya? Shigo mana."

Ya zaro katin ya ɗaga. "Uwarki ta tafi, haƙƙin ya dawo kanki. Abin kawunki naki ne. Ƙwace."

"Haba Kawu, ai an sallame ka. Kai ke da abinka."

"Heilala, tun safe mutum uku na ce wa to. Rana ma ba ta faɗi ba."

Ta dube ni, na kau da kai. Ta miƙo hannu biyu cikin ladabi. "To kawo in ajiye maka."

"A ajiye? In ajiya ce gobe zan zo in karɓa, ke kuma ki ba ni. Ƙwacewa za ki yi, yadda ta yi."

Ya mai da katin bayansa ya damƙe, ya kumbura fuska wai shi mai gardama. Yarinyar nan ta tsaya tana kallonsa, dariya na cinta, hawaye na zuba. Sai ta shiga ciki, ta fito da baƙar jakar uwarta a hannu. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa, ta ce da ƙarfi har maƙwabta na ji, "Akwai abin da nake so daga hannun kawuna!" Ta zagaya bayansa ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta fizge katin, ta jefa a jaka, ta danne maɓallin. Ƙas!

Da Sunia ya ji ƙarar nan, sai ya kifa kansa a gwiwa ya fashe da kukan da bai yi ba ranar jana'iza. Muka bar shi ya yi mai isarsa.

Asusun yana nan har yau, tsirara kamar yadda aka buɗe shi. Rhonda ta ce yanzu za a iya ba shi wanda ake cin bashi da shi, ya ce to, ta je wurin Heilala. Ranar Juma'a ita ke zama a kujerar ƙofar banki da kayan asibitinta, kuma ita ma sai an saya mata askirim.